Kafin Jirgin Alƙahira Ya Tashi

Ɗana, da ke 'yata, tunda Allah ya nufa karatun nan ya tabbata, kuma kun tsayar da shawara za ku tafi Masar gaba ɗayanku har da yara, bari in faɗi abin da ke bakina tun kaya ba su hau mota ba. Ranar rakiya ba a jin magana. Wannan na kuka, wancan na cusa ƙullin saƙo a jaka.

Na ji wasu a dangi suna cewa ka bar iyali a Funtua ka tafi kai kaɗai, wai ya fi sauƙi. A lissafin aljihu gaskiyarsu ne. Amma shekara huɗu ba kwana huɗu ba ne, kuma yaron da aka bari yana rarrafe, in aka dawo sai an yi masa bayanin wane ne ubansa. Don haka ni na goyi bayan ku tafi tare. Sharaɗina ɗaya ne, ɗana, kuma a kansa duk maganata za ta zagaya: idan za ka kai yarinyar mutane ne ka ajiye a bene hawa na biyar, ka ja ƙofa da asuba ka dawo bayan isha, har ku gama zama ba ta san komai na Masar ba sai hanyar filin jirgi, to gara ka bar ta nan cikin 'yan'uwanta.

Ka duba yadda take rayuwa yanzu. Kafin azahar faccalarta ta leƙo aron turmi, almajiri ya yi sallama, mai fura ta shigo, an aiko gobe suna a Tudun Wada, jibi biki a Bakori. Ba ta taɓa yini ba ta yi magana da babban mutum ba. A can kuwa kai kana da aji, kana da abokan karatu, kana da masallaci. Ita bango huɗu ne da yara da waya. Na je Alƙahira kwas na aikin gona ina da sauran ƙarfi, daga baya na koma jinyar ƙafa na sauka gidan wani ɗalibi ɗan yankinmu, kuma abin da na gani a gidan nan shi ya sa nake wannan magana. Matarsa ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba, mijin kuma mutumin kirki ne. Amma kullum da la'asar sai ta ja kujera bakin taga ta zauna tana kallon motoci, ba ta cewa komai, har a kira magariba. Mace a baƙon wuri dashen tattasai ce: kwanakin farko sai da ban ruwa safe da yamma, in ta kama ƙasa shi ke nan. Watanni ukun farko ka rage zaman hira a waje. Ka kai ta gidajen matan 'yan Najeriya da ke kusa, ka nema mata ajin Larabci ko na hadda, akwai su birjik na mata zalla. Kuma ka bar ta ta koyi fita sayen cefane da kanta.

Ke kuma 'yata, kada ki jira sai an fito da ke. Ranar da kika ji ƙirjinki ya yi nauyi ki faɗa masa. Kunya ba ta maganin wannan.

Batun gida. Masaukin ɗaliban waje na Azhar da ake kira Madinatul Bu'us ba na mai iyali ba ne, haya za ku kama. Yawancin mutanenmu suna Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir, wasu kuma Ainu Shams. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 mutane suka kwararo Alƙahira, haya ta yi tsada, saboda haka farashin da wani ya gaya maka na shekarun baya kada ka gina lissafi a kansa. Kuɗin ƙasar ma an karya darajarsa a Maris ɗin 2024. Dillali zai karɓi la'adarsa, mai gida zai karɓi kuɗin ajiya, kai kuma kada ka miƙa ko fam ɗaya sai da takardar haya a rubuce, wadda za a iya buga wa hatimin hukuma, domin za a neme ta wajen yin iƙama, wato takardar izinin zama. Ka tafi da ɗalibin da ya daɗe a garin. Ya buɗe famfo ya gani, ya duba mita ko akwai tsohon bashi.

A ƙofar kusan kowane bene akwai mai gadi, bawwab suke ce masa, yana zaune da iyalinsa a ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala. Da yawansu manoma ne daga kudancin ƙasar, talauci ya koro su birni. Ku girmama shi. Shi ya san mai gyaran famfo na gaskiya, shi zai hana yaronku fita titi, kuma shi mai gida zai tambaya wane irin mutane ne ku. In an yi girki mai kyau a zuba wa 'ya'yansa. Ni da na gidan da na sauka, da Larabcina na makarantar allo da nasa na ƙauye, mun sha hirar rake da albasa, kuma na ƙaru da shi fiye da wasu darussan kwas ɗin.

Akwai abin da zai ba ki dariya ranar farko, 'yata, amma kafin wata guda ke ma kin iya. Matan benen ba sa saukowa don tumatir. Kwando ne da igiya a baranda. Mai kayan miya ya tsaya da amalankensa a ƙasa, ta leƙo ta yi ciniki da ƙarfi daga sama, ta zura kwandon da kuɗi a ciki, ya zuba kaya da canji, ta janye. Mai tukunyar gas ba ya kira da baki, sifana yake bugawa a jikin tukunyar, ƙarar ta cika layi. Mai burodi kuma ya wuce a keke da faifan katako a kansa, hannu ɗaya a kan keken. Burodin nan mai faɗi shi ne tuwonsu, da shi ake cin waken ful da safe, da shi ake cin ta'amiyya, wadda ƙosai ce ta wani irin wake da ganye.

Cikinku ba zai yi baƙunta sosai ba. Lalon da muke tsinka a bayan gida shi ne mulukiyyarsu, miyar da suke alfahari da ita. Kuɓewa na nan, zoɓo na nan, tsamiya na nan, har goruba jiƙa ta suke yi su sha. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, ta fi tamu daɗin tuƙa tuwo. Abin da za ki ɗauka daga nan shi ne kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yajinki na gida. Sai dai daddawa a bene mai gida ashirin ba ta ɓoyuwa. Ki buɗe taga, kuma ki riga maƙwabciyarki: kafin ta ƙwanƙwasa ta tambayi abin da ke wari, ki aika mata da kwanon abin da ba ya wari, ko dambun nama ko cincin. Ba za ta mayar da kwanon a wofi ba, haka al'adarsu take, kuma daga nan ake fara gaisawa.

A jaka kuwa, duk saƙon da ba ku kwance kun gani da idonku ba, ko na wane ne, ku bar shi. Ƙwayoyin magani musamman.

Sanyinsu daga Disamba zuwa Fabrairu ba irin hunturunmu ba ne da rana na fitowa ya saki. Gidajen tayil ne, sanyin yana kwana a ɗaki ya yini a ɗaki. Ku sayi barguna da safa tun Nuwamba. Abu biyu nake roƙonku da girman Allah: kada ku kunna gawayi a ɗaki a rufe, kuma in na'urar dumama ruwan wanka mai gas ce, kada a yi wanka taga a rufe, kada a bar yaro shi kaɗai a ciki. Iskar da take fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

Yara za su riga ku jin yaren titi. Kai da ka sha nahawu za ka tsaya gaban mai kanti kana jero Larabcin littafi yana murmushi, ɗanka ɗan shekara biyar ya gama cinikin. Kada abin ya dame ka. Amma da an shigo gida a koma Hausa. Ina so ranar da suka dawo su durƙusa su gaida kakarsu ta gane abin da suka ce, su ma su gane wasan da take yi musu. Kuma ku gaya musu tun kafin su ji a waje: akwai yaran titi, wani lokaci har da manya marasa tarbiyya, da za su kira su da launin fatarsu. Yana da ciwo, ba zan ce muku ba shi da ciwo ba. Kada ka tsaya dambe, ɗana, baƙo ba ya cin riba a rigimar titi. Amma kada ku bar yaro ya haɗiye shi kaɗai. Ku zaunar da shi ku yi maganar. Za ku kuma haɗu da waɗanda za su tashi su ba matarka kujera a mota, da tsohuwar da za ta cika wa 'yarku hannu da alewa don ta ji ta karanta Fatiha. Duka biyun Masar ne.

To, sai fita gani. A nan nake so in daɗe, domin na san halin ɗalibanmu: suna ganin yawon buɗe ido aikin Turawa ne da masu kuɗi, almubazzaranci ne ga mai cin tallafin karatu. Ni ban yarda ba. Hutun mako a can Juma'a ne da Asabar. Ko sau biyu a wata, ka rufe littafi ka ɗauki iyalinka ku fita. Jirgin ƙasa na cikin gari yana da araha, kuma akwai taragon mata zalla a tsakiyarsa. Ku dafa abincinku ku tafi da shi, ku riƙe katin ɗalibi domin yana rage kuɗin shiga wurare da yawa. Wajen tsallaka titi kawai ku riƙe hannun yara gam, direbobin Alƙahira ba sa tsaya wa kowa.

Ku fara da masallatai, ba su cin kuɗi. Na Amru ɗan Asi a Fusɗaɗ, wanda aka kafa shekara ta 21 bayan Hijira, shi ne na farko a ƙasar. Na Ibnu Ɗulun an gama shi a 879, yana da fili mai faɗi inda yara za su sake, da hasumiya mai matakala ta waje. Azhar kanta an fara salla a cikinta a 972. Ku ziyarci Imamu Shafi'i a maƙabartar Ƙarafa. Ku hau ganuwar Salahuddin, wadda aka fara a 1176. Ranar da babu hazo, daga can ana hango dalar Giza.

Idan kuna yawo a tsohon garin nan, ku gaya wa yara cewa ba ku ne farkon zuwa ba. Tun wajen shekarun 1240 mutanen Kanem suka gina makaranta da masauki a Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga wannan birni. Tafsirin Jalalaini da ake ja mana kowane azumi a masallatan Funtua da Malumfashi, shi da malaminsa Mahalli suka rubuta shi a nan. Muhtasar ɗin da malaman zaure suke biyawa, mai shi Shehu Halilu mutumin Alƙahira ne. Sai kuma namu na gida, Muhammadu al-Kashnawi, Bafulatanin Katsina, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi aikin hajji ya zauna Alƙahira yana koyarwa da rubutu, har ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne babban marubucin tarihin Masar na zamaninsa, kuma ya sa Bakatsinen nan cikin manyan malaman da ya ba da tarihinsu. Al-Kashnawi ya yi tafiyar nan a ƙasa, ku kuma za ku karya kumallo a Kano ku yi la'asar a Alƙahira. Yaron da aka tsokana a titi jiya yana bukatar ya ji wannan labari.

Dalar Giza ku je, gani ya kori ji. Babbar cikinsu ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146, kuma sai ka tsaya gindinta ka ga dutse ɗaya ya kai ƙirjinka kafin ka gane abin da ake faɗi. Ku je da sassafe, cikin sanyi. Masu raƙuma za su yanyame ku. In yara sun nace, a yi ciniki a gama tun ana ƙasa, a kuma faɗa a fili cewa kuɗin ya haɗa da saukewa, don wasu sai kana sama suke tuna akwai kuɗin sauka. Ni dai ban ga dalilin da zai sa mutumin Katsina ya je wata ƙasa ya biya kuɗi don hawa raƙumi ba, amma yara ba sa jin wannan hujja. Gawarwakin sarakunansu na da kuma tun Afrilun 2021 aka mayar da su gidan tarihi na Fusɗaɗ. Za a nuna muku wata a ce ita ce ta Fir'aunan Annabi Musa; masana ba su haɗu a kan haka ba, don haka kada ku rantse. Ku manya ku shiga ku ɗauki izina. Ƙananan yara a bar su waje, kada a sayo firgitar dare.

Amma fitar da na fi so ku yi, babu ita a takardun masu yawon buɗe ido. Ku je Ƙanaɗir, arewa da birnin, tafiyar ba ta kai Funtua zuwa Malumfashi ba. A nan Kogin Nilu ya rabu biyu, a nan aka gina madatsai tun zamanin mulkin Muhammadu Ali don a ɗaga ruwa a tura shi magudanai. Akwai lambuna, iyalai na shimfiɗa tabarma. Ku ci abincinku, sannan ka bi bakin magudana da ƙafa ka ga yadda ruwa ke barin babbar hanya ya shiga ƙarama, ya bar ƙarama ya shiga kwalbatin gonar mutum ɗaya, kowa da ranarsa. Wata rana kuma ku hau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis zuwa Iskandariyya, ku ga teku, ku ziyarci Busiri mai Burda. A jirgin nan ka ba yara taga, kai ma ka ajiye waya. Daga Banha zuwa Ɗanɗa zuwa Damanhur ba za ka ga taki ɗaya na ƙasa a banza ba. Da sanyi alkama ce da wata ciyawa da suke shukawa musamman don dabbobi, barsim. Da zafi masara, shinkafa da auduga. Saniya a ɗaure, ana yanko mata ciyawa, kashinta ya koma gona.

Ka yi tunani a kai, kai ɗan manoma ne. Alƙahira ruwan saman da take samu a shekara bai kai abin da hadari ɗaya ke zubarwa a Dandume cikin Agusta ba. Mutum sama da miliyan 100 sun dogara da kogi guda. Duk da haka manominsu yana ɗaukar masara kusan tan 7 a hekta, mu a Najeriya muna wajen tan 2, ko da yake manoman yankinmu masu samun taki sun wuce haka. Audugarsu mai dogon zare duniya ta san ta, kuma sirrin ba a kogi kaɗai yake ba: ana kula da iri, kowane yanki da irin da aka ware masa, ba a bari a cakuɗa. Mu ma mun san wannan. A da, a Daudawa ake ruɓanya iri, gidajen gurza na Funtua da Malumfashi su raba wa manoma, kowace kasuwar auduga da ma'auni da mai duba daraja. Da aka rushe hukumar auduga a 1986 kowa ya shiga saye, iri ya cakuɗe, sauran labarin kun tashi kun tarar. Ka tambayi manomi a can yadda suke rabon ruwa, wa ke yashe magudana, me ake yi wa wanda ya saci ranar wani. Ka rubuta. Muna da Mairuwa, muna da Gwaigwaye, muna da dam ɗin Malumfashi, kuma masu tumatir a Danja ba ƙwazo suka rasa ba.

Kada kuma ka dawo kana raina gida, irin masu cewa "a can ba haka ake yi ba" a kowace magana. Masar da duk wannan ƙoƙari tana cikin ƙasashen da suka fi kowa sayen alkama daga waje. Ruwan da suke rabo da awo, mu daga sama yake zubo mana.

Hoto ku ɗauka, na tarihi ne, amma ban da 'yan sanda, sojoji da gine-ginen hukuma, kuma siyasar ƙasar mutane ba taku ba ce, ko a hira ko a Facebook. Wanda kuka ɗauka ma ba kowanne ake watsawa ba. Kun san halin rashin tsaro da ake ciki a Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Hoton da kuka yi a bakin teku da kuɗin mota da gorar zoɓo, wani gani zai yi gidanku an yi arziki, kuma tsofaffinku suna nan. Ku tura wa iyaye kai tsaye, ya isa.

Baƙi za su zo. Mutanenmu da yawa suna zuwa Alƙahira asibiti, wasu sarin abaya da jallabiya, kuma da an ji ɗan wane yana can, lambarka ta zaga gari. Ka karɓi mara lafiya, ka raka shi, ka yi masa tafinta, lada ne babba, ni ma an yi mini. Sai dai gida mai ɗaki biyu ba ya ɗaukar baƙo namiji wata guda ba tare da matar gida ta zama fursuna a ɗakinta ba. Ka san inda ake samun haya ta ɗan lokaci a kusa, ka kama masa, a riƙa aika abinci. Kuma kada ka karɓi la'ada daga hannun wani asibiti don ka kai masa ɗan garinku. Ana yi, ana kuma samun kuɗi, amma daga ranar ba za ka ƙara iya gaya wa mara lafiya gaskiya ba.

Iƙama kada ta mutu a hannunku, ta kowa da kowa har jariri; ka fara neman sabuntawa tun da sauran lokaci, domin layin ofishin fasfo na Abbasiyya ba a yi masa gaggawa. In Allah ya ba ku ƙaruwa a can, haihuwa a Masar ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa. Ku karɓi takardar haihuwa, ku kai ofishin jakadancin Najeriya a yi masa fasfo, sannan a yi masa iƙamarsa, in ba haka ba sai ranar dawowa a tsayar da ku a filin jirgi ana lissafa tara. Sunan kuma ku bugo waya a raɗa a nan, ragon yana wuyana.